Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba: Wa Ke Duba Malamin Ɗanka Kurma?

Duk uban da ya sa ɗansa a lakwal yana da sufeto a cikin gidansa wanda ba ya biyan sa ko dala, wato bakin yaron. Kafin yaro ya gama cin abincin rana ka riga ka ji ko mushe ya zo yau, ko ya makara, ko ya yi duka, ko kuwa ya sa babban cikinsu ya rubuta sunayen masu surutu shi kuma ya tafi harkarsa. Ko ba ka taɓa taka ƙofar makarantar ba, labarin aji yana zuwa maka har kan tabarma.

Mu iyayen kurame ba mu da wannan gata. Yaro ya tafi, ya dawo, ka tambaye shi da hannu, ya yi murmushi ya miƙo maka littafin rubutunsa, shi ke nan. Abin da ya faru tsakanin safe da yamma ya rage tsakaninsa da malaminsa da Allah. Shi ya sa na daɗe ina so in yi wa 'yan'uwana 'yan kasuwa wannan magana: a ajin yaro mai buƙata ta musamman, dole a sami wani babba wanda ya san aikin, ya riƙa shiga yana zama yana kallon yadda malami ke koyarwa, ya gyara masa, kuma ya sake dawowa. Ni na ga abin da rashin haka ya ci wa ɗiyata, na kuma ga abin da samunsa ya ba ta.

Ni mutumin Maraɗi ne, ina sayar da shadda da atamfa a Ajame, gidana kuma yana Libarte, ba nisa da inda gbaka ke lodi. Ɗiyata ta uku da jinta aka haife ta. Tana da shekara biyu da 'yan watanni uwarta ta je ganin gida da ita a lokacin zafi, sanƙarau ya kama ta. Allah Ya tashe ta, amma kunnuwan ba su dawo ba. Daga baya na gane ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan miliyan 34 ne a duniya ke da rashin ji mai tsanani, kuma ƙasashenmu na Sahel na cikin yankin da sanƙarau ya fi addaba.

Da ta kai shekara shida sai shawara ta yi yawa. Wasu suka ce a bar ta gida ta taya uwarta aiki, me kurma za ta yi da boko? Wasu suka ce a mayar da ita wurin kakarta. To amma ko doka ba ta bar mana wannan zaɓin ba, don tun 2015 ƙasar Kodebuwa ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, ba ta kuma ce ban da kurma ko makaho ba. Tun 1998 ma akwai dokar da ta tanadi haƙƙin masu naƙasa, kuma a 2014 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan wannan batu. A Yofugon akwai makarantar kurame da ake kira ECIS da ta makafi da ake kira INIPA, dukkansu tun shekarun 1970. Sai dai makarantu biyu ba za su ɗauke yaran ƙasa guda ba, kuma ɗaukar yarinya 'yar shekara shida wadda ba ta jin ƙahon mota daga Libarte zuwa Yofugon kullum, a cunkoson wancan lokaci kafin a buɗe gada ta huɗu, ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin da dole ya buɗe shago da sassafe. Da wata makarantar kuɗi a kusa da mu ta ce za ta karɓe ta, muka gode wa Allah.

Malamarta ta farko mutuniyar kirki ce, har yau muna gaisawa. Ta zaunar da ita a gaba, ba ta taɓa dukanta ba, har biskit take ba ta. Shekara biyu, CP1 da CP2, littattafan yarinyar nan abin sha'awa ne. Rubutu tsaf, layi a miƙe, madam ta sa jan biro ta yaba. Ina ɗaukar littafin zuwa kasuwa ina nuna wa maƙwabtana na shago. Ana nan wata rana yayanta, wanda yake CM1 a lokacin, ya rubuta kalmomi uku na Faransanci a takarda, shinkafa da mai da sabulu, ya jera mata kayan a gabanta ya ce ta ɗora kowace takarda a kan abinta. Ta dube shi, ta dube ni, sai ta ɗauki biro ta sake kwafe kalmomin da kyakkyawan rubutunta ta miƙo mana. Ashe duk shekaru biyun nan zane take yi. Ta iya kwaikwayon surar harafi kamar yadda mai ɗinkin hula ke bin zane, amma ba ta san cewa waɗannan layukan suna nufin wani abu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin shekaru biyun nan an duba ajin. Na tambayi madam, ta ce masu dubawa sun zo. Sun ga rajista, sun ga takardar shirin darasi, sun buɗe littattafan yara har da na ɗiyata, sun yaba. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka zo nema sun same shi. Sai dai ba wanda ya zauna ya dubi fuskar yarinyar lokacin da madam ke magana tana fuskantar allo. Ita ma madam ba wanda ya taɓa ce mata ga yadda ake yi. An ba ta yara fiye da hamsin, a cikinsu ɗaya ba ta ji, aka rufe mata ƙofa.

Ta hanyar wani abokin ciniki na Tireshbil, wanda ƙanensa kurma ne, muka sami wata makarantar da ke da ƙaramin aji na kurame, da malami matashi wanda ya koyi maganar hannu. Ba zan ce daga ranar farko komai ya gyaru ba. Wata uku na farko yarinyar ta koyi alamomi da dama, ta yi ƙawaye, ta daina kuka da safe, amma karatu yana tafiya kamar hawainiya. Abin da ya sauya lamarin wani dattijo ne, tsohon malami, shi ma kurma tun yana yaro, wanda aka shirya da shi ya riƙa zuwa ajin duk bayan mako biyu.

Shugaban makarantar yana barin iyaye su shiga aji sau ɗaya a zango, sai ranar da na je ta dace da zuwan dattijon. Ya zauna a can gefe da ɗan littafinsa. Abin da na fara lura da shi, ba malamin yake yawan kallo ba, idanun yaran yake bi. Bai ce uffan ba har aka tashi shan iska. Da yara suka fita, ya ja kujera kusa da malamin suka yi ta magana da hannu kusan rabin awa, wani lokaci har da dariya. Daga baya na tambayi malamin me ya ce masa. Ya ce: "Alhaji, abu ɗaya ya ce in gyara yau. Ya ce ina nuna allo ina kuma yin magana da hannu a lokaci guda, alhali yaro ido biyu gare shi kuma wuri ɗaya suke kallo."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mai ji yana iya duban allo kunnensa na ɗaukar bayani. Kurma kuwa idonsa shi ne kunnensa. In ya dubi allo ya rasa hannun malami, in ya dubi hannu ya rasa allo. Maganin abin ba ya cin ko sisi: ka nuna, ka dakata yara su duba, ka jira idanu su dawo kanka, sannan ka yi bayani. Malamin yana da takardar shaidarsa, yana da himma, amma bai san yana yin haka ba. Wanzami komai gwanintarsa ba ya ganin ƙeyar kansa.

A zuwa na gaba, in ji malamin, dattijon ya fara duba ko an gyara wancan kafin ya taɓo wani. Haka suka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya. Malamin yana tsayawa taga na bayansa, haske ya duhunta fuskarsa da hannuwansa, sai aka sauya masa wurin tsayuwa. Tebura suna jere layi-layi, na baya ba ya ganin amsar na gaba, sai aka mayar da su kamar rabin da'ira, kowa na ganin kowa. Dattijon ya ƙirga a littafinsa sau nawa aka tambayi kowane yaro, sai ga shi yawancin tambayoyin suna zuwa wurin yara biyu masu ɗan sauran ji, don su ne ke saurin amsawa. Ya kuma hana shi tambayar "kun gane?", domin yaro kurma ya saba gyaɗa kai tun daga gida don a ƙyale shi. A maimakon haka a ce ya nuna, ya zana, ko ya bayyana wa na kusa da shi.

Kafin ƙarshen shekarar, wata Asabar ina shago da ita, wata mata ta zo sayen atamfa. Ina ciro turmi, sai yarinyar ta taɓa ni, ta nuna rubutun da ke gefen zanen, ta yi mini alamar auduga da hannunta. Ta karanta. Na juya baya kamar ina neman wani abu a kanta don kada matar ta ga idona. Yanzu ita ke rubuta wa uwarta jerin cefane in za a je kasuwar Guro, kuma in na tafi Maraɗi ta waya take rubuto mini saƙo. Shekara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za ta zauna jarrabawar CEPE.

Da na ba ƙanena labari, wanda malamin makaranta ne a gida, ya ce ai masu bincike sun daɗe da gano haka. Ya ce a birnin Cincinnati na Amurka, wasu masana biyu, Eric Taylor da John Tyler, sun fitar da bincike a 2012 wanda ya nuna cewa malaman da ƙwararru suka shiga ajinsu sau da dama a shekara suka ba su gyara, ɗalibansu sun ƙara ƙoƙari a lissafi, kuma ƙarin bai tsaya a wannan shekarar kaɗai ba, ya ci gaba a shekarun da suka biyo. A 2018 kuma Matthew Kraft da abokan aikinsa biyu suka tattara bincike 60 kan irin wannan horo na zama da malami a aji, suka ga yana gyara koyarwa sosai, yana kuma ɗaga sakamakon yara, ko da yake ɗagawar ba ta kai girman gyaran koyarwar ba. Sun kuma lura cewa in aka faɗaɗa shirin ya game malamai masu yawa, amfaninsa kan ragu. Wannan ni ban yi mamakinsa ba, don duk wanda ya buɗe shago na biyu da na uku ya san ido ba ya kai ko'ina. Akwai kuma babban binciken da gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi daga 2009, da malamai kusan 3,000, wanda ya nuna cewa shiga aji sau ɗaya ba ta isa a san malami ba, sai an maimaita, kuma ya fi kyau masu duban su wuce mutum ɗaya. Ko a kusa da gida, shirin "Mu Karanta" da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauci bai tsaya ga raba littattafan Hausa ba, ya haɗa da jami'an da ke bin makarantu suna zama a aji suna taimaka wa malamai.

Yawancin waɗannan binciken a ajin yara masu ji da gani aka yi su. A ganina hujjar ta fi ƙarfi a ajin yaranmu, saboda can in malami ya yi kuskure akwai mai cike giɓin: yaro zai tambayi yayansa, zai ji a rediyo, zai tsinta a titi. Yaro kurma a gidan da ba a iya maganar hannu ba, abin da ya kuɓuce masa a aji ya kuɓuce ke nan.

Mu 'yan kasuwa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Wane ne a cikinmu ya koyi ciniki da takarda? Maigidana na farko a Tireshbil, Allah Ya jiƙansa, yakan zauna a bayan shago kamar yana gyangyaɗi, ni ina fama da mai saye. Ba ya taɓa katse ni a gaban mutum. Sai an tafi ya ce, "Yaro, ka yi saurin faɗin kuɗin ƙarshe." Magana ɗaya tak. Gobe kuma ya sake zama ya ga ko na ji. Haka ma a tsangaya, gardi ya haddace Alƙur'ani amma in ya rubuta allonsa sai ya kai darasu a gaban alarammomi su duba masa wasali da ɗigo, ba ya kuma ganin an ci mutuncinsa. Ban ga dalilin da zai sa malamin da aka ba amana mafi wuya a makaranta ya zama shi ne wanda ba a duba allonsa ba.

Amma fa duba iri-iri ce, kuma akwai wadda ke ɓata aiki. In mai dubawa ya zo ne don ya ba da maki ko ya nemo dalilin kora, malami zai shirya masa wasan kwaikwayo: darasin da aka riga aka maimaita sau uku, yaran da suka fi ƙoƙari a gaba, mai rauni a ɓoye a baya ko a ce ya huta a gida ranar. Haka nan in ya zo da takardar awon da aka tsara don ajin masu ji. Takardar tana son darasi ya yi sauri, a yi ta muhawara, a gama babi a kan lokaci. Malamin kurame ko na yaro mai jinkirin fahimta kuwa, gwanintarsa ita ce ya gutsuttsura abu, ya maimaita, ya jira. In aka auna shi da mudun da ba nasa ba, sai a rage masa maki a kan abin da ya fi iyawa, gobe ya daina yin sa don ya tsira da aikinsa. Sannan wanda bai iya maganar hannu ba me zai duba a ajin kurame? Hannuwa zai ga suna motsi, ba zai san ko daidai ne ko shirme ba. Haka wanda bai iya rubutun makafi na ɗigo-ɗigo ba, ba zai gane ko yaro ya rubuta kalma daidai ba.

Wanda ya kafa makarantar kurame ta Yofugon ya fahimci wannan. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, ɗan mishan, shi ma sanƙarau ne ya ɗauke jinsa yana da shekara 11. Ya buɗe makarantarsa ta farko a Akara ta Gana a 1957, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashen Afirka, kuma babban abin da ya dage a kai shi ne horar da kurame su zama malamai da shugabanni. Daga wurinsa ne maganar hannun makarantun nan ta samo tushe a ta Amurka. Ta bambanta da maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kuramen Kano ke yi tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kanta a 2000. Wannan abin lura ne gare mu masu kai-da-kawo: yaron da ka ɗauke daga Abijan ka kai makarantar Tudun Maliki a Kano, ko wata a Nijar, zai tarar da harshen karatu dabam ko alamomi dabam, sai an sa masa ido sosai a watannin farko.

To me uba ko uwa za su iya yi, tunda ba mu ne gwamnati ba? Da farko, ranar da ka je sa yaro, bayan ka tambayi kuɗin makaranta da na yunifom, ƙara da waɗannan: wa ke shiga ajin nan ya duba koyarwa? Sau nawa a zango? Ya iya maganar hannu, ko rubutun makafi? In ya gama yana zama da malamin, ko rahoto kawai yake rubutawa? A tsarin ƙasar nan akwai sufetocin firamare, akwai kuma konseye, wato masu ba malamai shawara, sannan akwai cibiyar INSFS a Kokodi da ke horar da malaman yara masu buƙata ta musamman. Ba laifi ba ne iyaye su roƙa ta hannun kwamitin makaranta na COGES, ko ta hannun shugaban makarantar kuɗi, a gayyato wanda ya san aikin. Mu a ajin ɗiyata, iyaye ne muka haɗa kuɗin motar dattijon nan, abin da kowa ke bayarwa a wata bai kai ribar turmi ɗaya ba.

Na biyu, kada kyawun littafi ya ruɗe ka. Gwada yaro da abin da ke gida: rubuta sunan abu, ka ce ya kawo. Ba shi jikka ɗaya, ka rubuta masa kuɗin kaya, ka ga ko zai gane canji. Na uku, in an ba ka damar shiga aji, ka shiga da ladabi, ka zauna, ka dubi idanun yara. Kada ka mayar da kanka sufeto, kada ka gyara wa malami a gaban ɗalibansa. Abin da ka gani ka faɗa masa a keɓe, ka fara da abin da ya burge ka. Mutanen nan aikinsu da nauyi, albashinsu kuma mun san yadda yake. Na huɗu, ku koyi maganar hannu a gida, ko alama biyar a mako. Ranar da ɗiyata ta iya ba uwarta labarin abin da ya faru a aji, ranar muka sami abin da sauran iyaye ke da shi tuntuni.

Ga malamai kuma, in akwai mai karanta wannan a cikinku: wanda ya zauna a bayan ajinka ya ce ga inda kaya ya karkace, ba rabon kayan yake nema ba. Malamin ɗiyata da bakinsa ya ce mini ranakun farko ba ya iya barci in dattijon zai zo. Yanzu shi ke aika masa saƙo in ya yi jinkiri, kuma ya fara shiga ajin wata sabuwar malama yana yi mata abin da aka yi masa.

A layinmu na Libarte kaɗai na san gidajen Hausawa uku da ke da yaro kurma wanda ba ya zuwa ko'ina, ɗayansu ya kusa shekara goma. Shekarun da yaro ke ɗaukar harshe da sauƙi ba sa jiran kasuwa ta yi kyau. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana, Ya saka wa malaman yaranmu da alheri, da waɗanda ke zama a gefe suna gyara masu.